Tambaya: waya za ta iya koyon maganar Baba bayan ciwon shanyewar jiki?

Ɗan Bilbis (Tawa):

Assalamu alaikum ƴan uwa, ya gida ya zahi. Ni dai ban cika rubutu nan ba, karatu nike in wuce, amma yau abin ya tsaya min a rai shi ya sa.

Wata takwas kenan tansiyo ta buge Baba, AVC likita yac ce, wato shanyewar jiki, ɓarin dama. Alhamdu lillahi ƙahwa ta dawo da kine, motsa gaɓɓan nan na asibiti, yanzu da sanda shina tahiya masallacin bakin layi da kanshi, amma baki bai dawo ba. Hankalinshi garas, ko bashin da ake binshi da wanda shike bi ya sani har dala, sai dai in ya yi magana kamar wanda ya cika baki da tuwo mai zahi. Duk gidan mutum biyu ke ganewa, Inna da ɗiyar yayata mai shekara tara, kuma wlh yarinyar ta hi Inna. Ran nan ya hwaɗi magana sau ukku, ni na kawo mishi bargo, ƙanena ya kawo buta, sai yarinyar daga bakin ƙohwa ko kallonmu ba ta yi ba tac ce pil ɗin rediyo shike so. Baba bai ce komi ba ya juya huska bango. Wannan juyawar ita ta hana ni kwana.

Abin da ya hi ciwo, Baba mutumin vokal na, saƙon murya ta waya. Yayana na Abijan, da kullum bayan asuba sai Baba ya aika mishi vokal ta minti biyar, labarin gari, wa ya rasu wa ya yi aure, nawa tiyar hatsi. Yanzu sai ya danna ya yi magana, ya saurari kanshi, ya goge. In ma ya aika, yayana ni shike kira ya ce mi tsoho yac ce, ni kuma in kira yarinya, in ta tahi lakkwal sai a jira ta taso.

To jiya na ga wani bidiyo a Facebook wai a Gana ƴan iniversite na bin mutane masu irin wannan lalura suna ɗaukar muryarsu da yaren Akan, don a koya ma waya ta riƙa gane su tana rubutawa. Abin ya ban mamaki don Baba shekara da shekaru ya yi yana bida Kumasi, Tonanci, wato Akan ɗin, bakinshi kamar ruwa. Na ce to su sun yi da nasu, mu da Hausa hwa? Na taɓa gwada wata aplikasiyo da ake ma magana ta rubuta, ni da bakina lahiya lau na ce mata munka tahi kasuwa, abin da ta rubuto ko ni ban san yaren ba. To ina ga Baba.

Tambayata: wannan abin gaskiya na ko irin na bidiyo na kawai? In gaskiya na, mi ake buƙata in mu ma nan Tawa muna so mu hwara, ko da gidanmu kaɗai? Kuma in na ɗauki muryar Baba ina za ta tahi? Wanda ya sani dan Allah ya taimaka.

Mai Shayin Katako:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lahiya ya sa kaffara ne, sannu da jinya. Ni dai ban san kan wannan ba amma wayar da rezo ke gagara ita ce za ta gane bakin tsoho? hhhh. Ka riƙe yarinyar nan da kyau ka riƙa saya mata biskit, ita ce aplikasiyon ku.

Etidiya Harobanda (Yamai):

Yaya sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Informatik nike karantawa kuma wannan fannin na ɗan bi shi, bari in faɗi iya abin da na sani, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Gaskiya ne ba na bidiyo ba ne. Sunan aikin tɛkyerɛma pa, da Akan ma'anarsa harshe mai kyau, an sanar da shi a 2024. Jami'ar Gana da ke Legon ce ke yi tare da ofishin bincike na Google da ke Akara da wata cibiyar nakasa ta jami'ar UCL a Landan. Yaruka biyar suka sa gaba, Akan, Ewe, Dagbani, Dagaare da Ikposo, da Akan suka fara. Asalin abin daga wani aikin Google ne mai suna Euphonia da aka fara a 2019, zuwa 2021 sun tara jimla sama da miliyan 1 daga bakin masu nauyin baki, amma da Ingilishi. Daga nan aka fitar da aplikasiyo Project Relate, kai za ka karanta mata jimla 500 da bakinka sai ta koyi naka salon kai kaɗai. An gwada ta a Gana, amma ai tsohuwar da ke cikin gida a Kumasi ba da Ingilishi take neman ruwa ba. Nan ne suka ce sai an tara da yaren gida. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye ba, muryoyin Akan ɗin da suka tara da littafin jagora na yadda ake yi duk sun sake a buɗe don wasu yaruka su kwaikwaya.

Yadda na'urar ke koyo ba wani sihiri, biyu-biyu ake ba ta, ga sauti ga rubutunsa, ga sauti ga rubutunsa, dubbai, har ta saba. Akwai wata da ake kira Whisper da ta fito a 2022, da awa 680,000 na magana aka horar da ita, mafi yawa Ingilishi. Hausa na cikin jerin yarukanta amma ɗan kason da ta samu bai taka kara ya karya ba, Akan kuwa ko a jerin babu. Saboda haka ba daga sifili ake farawa ba, irin waɗannan buɗaɗɗun ake ɗauka a ƙara musu karatu da muryoyin da aka tara, kamar ka ɗauko yaron da ya yi makaranta wani gari ka zaunar da shi gidanku har kunnensa ya faɗa.

To mu matsalarmu hawa biyu ce, kuma kai ka riga ka taɓa ta farko da munka tahi ɗin nan. Hausar da ke cikin na'urorin nan galibi ta rubutu ce, ta Kano, ta labarun rediyo. Ko Common Voice na Mozilla da aka buɗe tun 2017 inda kowa ke iya ba da muryarsa kyauta, jimlolin da ake karantawa daidaitacciyar Hausa ce. Na'urar ba ta san yac ce ba, ba ta san hwara ba, ba ta san kuran da lakkwal da pil ba. Kenan ko Baba na da lahiya sai ta yi tuntuɓe da Adaranci kafin ma a zo maganar nauyin baki. Ni wannan ke ban haushi wlh, tun Maris 2025 kundin refondasiyo na gwamnatin Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, amma Hausar da muke yi a Tawa da Dogonduci da Filinge ba ta cikin komi.

Kuma a rarrabe abu biyu. Akwai na'urar mutum ɗaya, wadda za ta koyi bakin Baba shi kaɗai, ita ce ta fi ba da sakamako kuma jimla ɗaruruwa na iya motsa ta. Akwai ta kowa da kowa, wadda ke son mutane da yawa masu lalura iri-iri, ita ce irin ta Gana kuma ba aikin gida ɗaya ba ne.

In za ka fara gida, kar ka ɗauka da vokal na WhatsApp don yana matse sauti, yi amfani da diktafon ɗin waya. Ɗaki shiru, a kashe vantilate ko da zahi, waya nesa da baki kamar taƙi ɗaya kuma kullum haka. Jimla ɗaya fayil ɗaya, ka ba ta lamba, ka rubuta lambar a kaye da abin da ya faɗa a gabanta nan take kar ka bari sai dare. In ba ya karatun boko ba matsala, ƴan Legon ma da hoto suke aiki, a nuna wa mutum hoto ya faɗi abin da ya gani da bakinsa. Kai ma ɗauki hoton buta, rediyo, ƙofar masallaci, akuyar gida.

Ban yi maka alkawarin wata biyu waya ta fara rubuta maganarsa ba fa. Horarwar na son kwamfuta mai ƙarfi, ana haya a intanet, wannan ni da abokaina muna iya gwadawa. Amma abin da babu injiniyan da zai iya yi maka shi ne kayen nan. Ni in ka ba ni muryar Baba ban gane ko kalma, ƴan Akara ma haka, ƴan Amurka balle. Mai Shayi wasa yake amma ya faɗi gaskiya, yarinyar ce mai ilimin.

Madam Kine:

Ɗan Bilbis ya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin ka sayi ko kaye bari in tambaye ka abu guda, don a wurin aiki kullum iyalai na haɗa su.

Bayan AVC matsalar magana iri biyu ce manya. Akwai wanda kalmar na nan daram a kansa, harshe da leɓe da numfashi ne suka yi rauni, sai ta fito a murɗe, mu dizartri muke cewa. Akwai kuma wanda kalmar ce kanta ta ɓace masa, yana son ya ce ruwa sai ya ce takalmi ko ya tsaya cak, wani ma ba ya gane abin da ake faɗa masa, wannan afazi ce. Wanda ɓarin dama ya shanye an fi tsoron afazi gare shi don ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu kuma can magana take ga yawancin mutane. Na'urar nan ta masu na farko ce. In mutum ya ce takalmi alhali ruwa yake nufi, waya ko ta fi kowa kunne takalmi za ta rubuta. Yadda ka ba da labarin pil ɗin rediyo, ya maimaita abu guda sau uku kuma yarinya ta ji, ya yi kama da na farko, amma ni ba zan yanke daga nan ba, a sa likitansa ko ortofonis, wato mai gyaran magana, ya duba in an samu. Na san samun ortofonis ba wasa ba ne in ka bar Yamai.

Na biyu gajiya. Ku masu lahiya ba ku san magana aiki ba ce. Jimla 500 ɗin da Etidiya ya ambata, ga mai irin wannan ciwo ba aikin sati ba ne, minti goma ko sha biyar ya isa, da safe bayan ya karya ya sha magani, in ka ga yawu ya fara zuba ko murya ta dushe a tsaya ko da shi ya ce a ci gaba. Kuma bakin nasa na canzawa, na watan takwas ba shi ne na shekara biyu ba, sai ka riƙa sa kwanan wata a kayen. Ni abin da ma ya sa na so shawarar, ko waya ba ta koyi komi ba, mutumin da ya fara goge vokal ɗinsa ya kama hanyar yin shiru gaba ɗaya, in kullum akwai minti goma da aka zauna don a ji shi kawai to motsa baki ne kuma.

In kuma abin zai wuce gidanku, a tuna ba tsofaffin tansiyo kaɗai ba ne. Akwai yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, asibitin CURE na nan Yamai na yi musu aiki, amma wanda aka ɗinke a makare sau da yawa maganar na ci gaba da fita ta hanci. Akwai waɗanda suka tsira daga cutar noma, ba noman gona ba, wadda ke cin kumatu da leɓen yara, wasu muƙamuƙi ke ƙagewa baki ya ƙi buɗuwa. Ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da su a Damagaram, kuma sai a Disamba 2023 hukumar lafiya ta duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Ga yaran da suka sha wuya wajen haihuwa jiki ya sandare. Kowane rukuni bakinsa daban, wanda ya koyi na Baba bai koyi nasu ba.

In'ina Ba Hauka Ba:

Salam. Na ga kowa na magana a kan masu ciwon, bari mai ciwon ya yi magana, a rubuce dai na fi ku sauri duka hhh.

Ni da in'ina na tashi, shekarata talatin da ƴan kai, dinki nike a Bukoki. Ana cewa cikin manya ɗari kusan ɗaya na da ita kuma maza sun fi yawa, har rana gare mu 22 ga Oktoba amma nan wa ya sani. Tun ina yaro an buga min ludayi a baki, an ba ni rubutu na sha, kakata kullum addu'ar Annabi Musa ta kwance ƙullin harshe take tofa min, Allah ya jiƙanta ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙarasa min magana ba. Wannan ƙarasawar ita ce ciwon. Ka tsaya kan harafi ɗaya kana yaƙi da shi, mutum ya jefo maka kalmar da ba ita kake nufi ba, kai kuma don gajiya ka ce e. Na taɓa sayen yadi kalar da ban so a kasuwa saboda haka, na dawo shago na zauna ina kallonsa.

Shi ya sa nike so in ja kunnen Etidiya da duk mai riƙe kaye. In kuka ɗauki muryata kar ku ce in sake har sai ta fito sumul, kar kuma ku yanke wurin da na maƙale. In kun yanke to ba ni kuka ɗauka ba, wani mutum ne mai lahiya da muryata, kuma ranar da na maƙale gaban waya za ta yi min abin da mai yadi ya yi min. A bar sautin yadda yake da tsayawarsa da maimaicinsa. A rubutun kuma a sa abin da nike nufi, in na ce ba-ba-ba-ba ni zare a rubuta ba ni zare, don wanda zan aika wa saƙo zare nike so ya kawo ba ba-ba-ba ba. Kuma in an rubuta a karanta min ni in ce e ko a'a. Wannan ya shafi Baba ma, yarinya ta iya amma ita ma ƙarasawa take, wata rana za ta yi kuskure kuma ba wanda zai sani sai shi. A karanta masa ya gyaɗa kai tukuna.

Wani abu kuma, in'ina munafuka ce. Ni kaɗai a ɗaki, ko ina waƙa, ko ina bin liman, ba ta zuwa. In ka zaunar da ni ɗaki shiru ka ba ni takarda ƙila in karanta maka tas ka ce ai lahiyarka lau. Sa ni in kira kiliya a waya in ce masa kayansa ba su gamu ba, nan za ka ji ta. To ɗakin shirun nan na Etidiya ya yi wa Baba, mu namu sai an haɗa da hira ta gaske.

In dai za a yi a Yamai ni na farko a layi, kuma na san mutum huɗu. Sharaɗina ɗaya, cikin masu yanke shawara a samu irinmu zaune, ba a kira mu ranar hoto kawai ba.

Maman Biyu:

Ni tambayarka ta ƙarshe zan amsa, ina muryar za ta tafi, don an taɓa cizona. Ɗana na da lalurar sandarewar jiki tun haihuwa, maganarsa sai mu. Shekarun baya wasu ƴan proje suka zo unguwa da mota da kamara, suka ce anket ne don a taimaki yara, aka ba mu takarda da Faransanci na dangwala, aka ba mu jika biyu na taksi. Ba su dawo ba har yau. Bayan wata nawa ƙanwar mijina ta turo min bidiyon yarona yana ƙoƙarin faɗin sunansa, an sa kiɗan tausayi a ƙasa ana neman tallafi. Na yi kuka ranar kamar me.

Murya ba kamar suna ba ce da za a goge a ce an ɓoye mutum. Duk Bilbis in aka ji muryar Babanka an san shi ne, balle yanzu da ta zama daban. Kuma wannan a buɗe ɗin da Etidiya ke yabo, a buɗe fa na nufin kowa a duniya na iya saukewa kuma in ta fita ta fita, ba a kiranta ta dawo. Ban ce kar a yi ba, na ga amfaninsa, in ba a buɗe ba kowa sai ya fara daga farko. Amma a faɗa wa mutum da Hausa ɓaro-ɓaro, a ba shi zaɓi, na gida kawai ko na masu bincike ko na duniya, kuma in ya ce a'a gobe a goge abin da bai fita ba. Muna da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumarta HAPDP, duk wanda zai tara na mutane da yawa ya je ya tambayi ƙa'ida tukuna.

Kuma Ɗan Bilbis, ka yi haƙuri ɗana, duk rubutunka ban ga inda ka ce ka tambayi Baba ba. Ka ce hankalinsa garas. To shi za a fara tambaya ba mu ba. Kar kuma a ɗauki maganar bashi da ta iyali.

Bazango (Kumasi):

Ɗan uwa gaida Baba, ƙila ma mun taɓa haɗuwa a zango. Abin da zan ƙara, kar ku ɗauka su nan abin ya zo musu da sauƙi. Akan ɗin ma ba baki ɗaya ba ne, akwai Asante akwai Akuapem akwai Fante, rubutunsu ma na da bambanci, ga harufa irin ɛ da ɔ da ba kowane allon waya ke da su ba, yara sai su sa 3 a madadin ɛ. Daidai da rigimarmu ta ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ ɗin Nijar da Najeriya ke rubutawa 'y. Ku zauna ku yanke yadda za ku rubuta tun ranar farko in ba haka ba kaye biyu ba za su haɗu ba. In kuma abin ya kankama ku tuna da mu, Hausar zango ma wata ce daban.

Ɗan Bilbis (Tawa):

Na gode ƙwarai ƴan uwa, Allah shi bar zumunci. Hajiya Maman Biyu maganarki ta kama ni, wlh kunya ta rufe ni, wata takwas muna yanke mishi komi har abin da za ya ci. Jiya bayan la'asar na zamna na hwaɗa mishi duka, da na Gana da na bidiyon ɗanki ban ɓoye ba.

Da hwarko hannu ya kaɗa, a'a. Sai na ce Baba Tonawa hwa sunka hwara, sunan abin ma tɛkyerɛma pa, na karanto shi yadda na iya. Sai ya yi dariya, irin wadda rabonmu da ita tun kahin ciwo, ya gyara min hwaɗin kalmar sau biyu yana nuna halshenshi da yatsa, wai ban iya ba. Daga nan yac ce a yi, amma na gida kawai, shi da ɗiyanshi, in ya ji yadda ta kaya sai ya sake shawara. Etidiya kenan ko kai sai na sake tambaya tai kahin in turo maka komi, ka yi haƙuri.

Madam na gwada abin da kinka ce da ɗan hankalina kahin mu koma asibiti ran Litinin, na nuna mishi hoto goma duk ya kira sunansu daidai ba ya musanya, nauyin ne kawai, amma za ni tambayi likita dai.

Yau da sahe munka yi na hwarko. Na zo da hotunan buta da kohi, ya ture su, shi ba wannan shike so ba. Jimla ta ɗaya da ya zaɓa ita ce gaisuwar da ya saba buɗe ma yayana vokal da ita, ta biyu nawa tiyar hatsi yau, ta ukku ku bar ni in gama maganata. Wannan ta ukkun malam mai ɗinki kamar da kai ya yi shawara. Mun kai goma sha biyu murya ta dushe munka tsaya, biyu ciki akuya ta ɓata sai an sake. Yarinya ke hwaɗi ina rubutawa ina karanta mishi, ta bakwai ta ce hula yac ce, ya girgiza kai, ashe hura. Ita kanta ta yi tsuru.

Rigima guda ta taso, na rubuta fara Baba ya sa aka karanta yac ce shi hwara yac ce. Bazango ga maganarka tun ranar hwarko. Na bar mishi hwara, Etidiya in hakan zai rikita muku na'ura ka gaya min in yi layi biyu a kayen, ɗaya tamu ɗaya ta littahi. Kuma yarinya ta ce ita ba ta aikin banza, dala ashirin kowace zama, Baba ya ce a ba ta cikin kuɗinshi. Gobe ba lakkwal, ƙarhe takwas za mu sake, in an samu mai ɗaure akuya.